Ƙoshin Gwaggo Ladi

Na dawo Samaru daga karatu a Jamus ina ji da kaina. A can, in baƙo ya ce ya ƙoshi, magana ta ƙare.

Gwaggo Ladi ta taso daga Sabon Gari don yi mini barka da dawowa, na kawo mata shinkafa da kaza.

"A'a ɗan nan, a ƙoshe nake."

Na jawo kwanon na cinye tas a gabanta. Ina ta mamakin yadda take raka kowace loma da ido, na ɗauka cokali mai yatsun da nake ci da shi ne ya burge ta. Ashe tayi na biyu take jira.

Har yau in na je gidanta sai ta ce, "Yara, ku yi wa Bajamushe tayi sau ɗaya. In ya yi kara, ku miƙo mini kwanon."