Kwalbar Malamin Gona

Ba zan taɓa mantawa da damunar nan ba, ko yau aka ce "inabi" sai na sunkuyar da kai. Kafin mulkin kai ne, lokacin unguwar Gyaɗi-Gyaɗi duk gonaki ce. Maigidana, Malam Sule, shi ke kula da lambun wani Alhaji da ya dasa inabi, ɗakinmu kuma a cikin lambun yake.

Ran nan malamin gona, wani Bayarabe, ya zo a keke ya kafa kwalba da mazurari a tsakiyar lambu. Ta bayan zana na ji yana cewa, "Malam Sule, in ruwan sama ya kai jan layin nan, gari kuma ya yi gumi, to fumfuna na tafe. Ranar za ka yi feshi. Kafin nan asarar magani ce."

(Kunnena ba ya barin magana ta wuce, ganewar ce dai sai a hankali.) Abin da na riƙe shi ne, in ruwa ya shiga kwalba ciwo zai zo. To don me za a bari ya shiga? Da hadari ya taso, maigida ya fake, sai in lallaɓa in kifa mata ƙwarya, in ya ɗauke in cire. Ban gaya wa kowa ba, aikin lada nake.

Mako uku ana sheƙa ruwa, kwalba ƙayau. Maigida ya duba sama, ya duba kwalba, ya yi tagumi. Ganye kuwa ya yi fari fat, 'ya'ya suka fara ruɓewa.

Alhaji ya zo da malamin. "Sule, ko ka yi mini bayani, ko ka tattara kayanka yau."

Malamin na ta juya kwalba yana neman huji. "Kwalbar Tarauni ruwa, ta Daurawa ruwa, nan kaɗai babu?"

Yana ajiye ta aka fara yayyafi. Na ja mayafi na fito da gudu, na kifa ƙwaryata a gabansu, har da fari da ido.

"Alhaji, kwantar da hankalinka. Wallahi ɗigo ɗaya ban taɓa bari ya shiga ba."

Sai malamin ya zauna daɓas a taɓo yana dariya. Alhaji ya yi salati. Maigida ya ce, "Ladi, ke ce ashe?"

Ba a kore mu ba, amma rabin inabin ya tafi. Wai ita kwalbar labari kawai take bayarwa. Tun daga ranar, in zan yi aikin lada, sai na fara tambayar mai lambun.