Rasuwar Baba Ɗan Tifa, Batirin Kekena

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kaina a ɗage, ni Selina ta unguwar Madaki nake sanar da rasuwar Baba Ɗan Tifa, batirin da ya riƙe kekena na cikin ɗaki.

Kowa da abin da ya faɗa a kansa. Direban da ya cire shi daga tifar yashi ya ce ya gama aiki. Uzairu mai haɗa sola ya ce ba zai ga damina ba, sai ga shi ya ga uku. Matan layinmu kuwa suka ce shi ke ɗaure wa tsohuwa gindi tana hawan keken da ba ya zuwa ko'ina. Duk na ji.

Ga waɗanda ba su sani ba: da ɓarin jikina na hagu ya shanye, likita ya ce ƙafar nan in ba ta aiki kullum, za ta sandare, shi ke nan. Ɗiyata Jennifer, da ke aikin jinya a waje, ta aiko mini da na'urar da ake ɗaura keke a kanta. In ta samu wuta sai ta haɗu da waya, hanya ta fito a fuskar wayar. An zo tudu feda ta yi nauyi, an zo gangara ta saki. To, wutar gari ba ruwanta da maganar likita. Marigayin ne ya ɗauki maganar da muhimmanci.

Mai haƙuri ne. Rana ta ciyar da shi, shi kuma ya ciyar da keke. Bai taɓa yin hayaƙi ba, bai taɓa hana maƙwabci sakat ba, ba kamar janareton wasu ba. Maganarsa ɗaya ce, ta bakin inbata, na'urar da ke mayar da wutarsa irin ta gida: "mmmm." Da shi na hau duwatsun ƙasashen da sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, na iya karanta sunansu. Na taɓa wuce wani Bature a kan tudu a cikin wayar, ina ɗaure da zanena. Sanadin marigayin na koma coci ba sanda.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ranar bikin Lizzy, 'yar maƙwabta, ƙanena Jerome, wanda ya fi kowa yi wa kekena dariya, ya ga babu wuta, ya jona wa batirin dutsen guga. Marigayin ya yi ta kuka, "ƙit, ƙit, ƙit." Jerome bai fasa ba sai da ya gama babbar riga har da wando. Daga ranar ya daina riƙe caji, cikinsa ya kumbura. Uzairu ya ƙara masa ruwa, ya auna shi, ya girgiza kai.

Ya bar mata ɗaya, inbata. Da faifan sola a kan kwano, yana ta tara rana ba mai ci. Da wayoyin layinmu masu yawa da ya yi wa caji kyauta, har da na masu gulmarsa. Ya kuma bar ƙafata ta hagu, wadda tun tafiyarsa take tashi da nauyi.

Masu zuwa gaisuwa da "ai sai ki huta haka nan, Mama," su riƙe abarsu. Ban sauka ba. Babu hanya a waya, babu tudu, amma feda tana juyawa, kuma ba za ta tsaya ba.

Jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ba za a ba 'yan gwangwan shi ba. Za a ɗauke shi a baro daga ƙofar gidana zuwa wajen masu batir a Kasuwar Gombe, a ajiye shi da mutunci, a ɗauko magajinsa. Jerome ne zai tura baron, zuwa da dawowa. Ban sa shi ba. Ɗazu ya shigo ya same ni a kan keken, ina jan ƙafar da ƙyar, gumi na zuba. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Sannan ya ɗaga murya, har aka jiyo shi daga waje:

"Yaya, ki yafe mini. Ni na kashe shi. Allah ya sani, na ɗauka wasa kike yi."