Yadda Za Ka Binciki Birkin Da Ke Ƙauri Ba Tare Da Ka Gano Laifinka Ba

Ka canja takalmin birki da hannunka ranar Asabar, Litinin kuma tayar gaba ta hagu tana ƙauri kamar an manta tukunya a kan wuta? Kwantar da hankalinka. Wannan hanyar maƙwabcinmu Sjoerd ce, ya gwada ta a motar matarsa Femke, kuma ina ba ka tabbacin za ka zagaye motar kaf ba ka ci karo da kanka ba. Shi abu ɗaya yake gudu: kada surukinsa Wiebe, wanda ya shekara talatin yana gyaran tarakta, ya ji labari. Tun farko tsohon ya ce a kai gareji, Sjoerd ya ce ai ya kalli bidiyo.

1. Ka nema wa warin mai shi

Femke ta dawo daga aiki ta ce, "Sjoerd, motar nan tana ja hagu, ga wani wari."

"Su Douwe na gonar can ne suka zuba taki."

Yi koyi da shi. A garin da shanu suka fi mutane yawa, ba a rasa wanda za a ɗora wa wari.

2. Ka taɓa da yatsa

Masu ilimi cewa suke a kara bayan hannu daga nesa. Kai ka taɓa. Sjoerd ya taɓa, ya cusa yatsan a baki, ya ce, "Da ɗan ɗumi." Tayar dama kuwa sanyi ƙalau. Sai ka yanke hukunci cewa ta daman ce malalaciya.

3. Ka ɗaga da jek, ka juya

Ta dama za ta yi ta juyi abinta. Ta hagu sai ka sa hannu biyu da gwiwa. Ka ce sabon takalmi ne, ko na ƙafa ma yana matsi a makon farko.

4. Ka zargi tiyon man birki

Sassauta ɗan notin da ake fitar da iska ta wurinsa. In tayar ta saki, tiyon ne ya toshe, laifin tsufa ke nan, ka tsira. Sjoerd ya sassauta yana addu'a. Mai ya ɗiga, taya ko gezau. Ya ɗaure, ya shiga gida ya sha kofi, don ba a gaggawa a irin wannan aiki.

5. Kada ka kalli ƙusoshin nan biyu

Ƙarfen da ke matse faifan birki a kan ƙusoshi biyu yake zamewa, kowace da 'yar rigarta ta roba. Giris ɗinsu na musamman ne. Amma ranar Asabar shago ya rufe da wuri, a ɗakin tatsa kuma akwai gwangwanin man da ake shafa wa hantsar shanu, shi Sjoerd ya lafta musu. A nan garin da shi ake maganin fashewar leɓe, da kukan ƙofa, da takalmin aiki. Ba wanda ya taɓa gaya wa Sjoerd cewa yana kumbura roba har ta shaƙe ƙusa. Kai ma kada ka bari a gaya maka.

6. In suruki ya iso, ka roƙi sirri

Femke ce ta kira babanta. Ya zo a kan kekensa, ya durƙusa, ya zaro ƙusa ɗaya da filaya da ƙyar, ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshinawa.

"Yaro, gyara motar za ka yi ko tatsar ta?"

"Baba, don Allah a hankali. Kada Femke ta ji."

"Ba za ta ji daga bakina ba."

Da ta leƙo ta taga, sai ya ce mata, "Roba ce ta kumbura, 'yata." Ya sa sabuwar roba da giris na gaskiya, taya ta juya. Tsohon kuwa mutum ne mai cika alkawari, har yau bai faɗa wa Femke ba. Ya dai faɗa wa direban tankar madara, wanda yake shiga kowace gona a yankin nan sau uku a mako. Zuwa Juma'a, Sjoerd ya tsaya shan mai, Douwe ya shafa murfin motar a hankali ya ce, "Yau lita nawa ta bayar?"

Femke a wurin mai gyaran gashi ta ji.

Gargaɗi

In yatsanka ya yi bororo, ko motarka ta bi hagu ta faɗa magudanar ruwa, ko aka fara yi maka kukan saniya a bakin coci, babu ruwana. Ni daga bayan shinge na ga komai, kuma tawa motar gareji nake kai ta.