Yadda Na Zama Ɗan Ba-Ruwanmu a Layinmu

Jama'a, yau na wuni a layin mai riƙe da jarka, har ni da mutumin da ke gabana muka san sunayen 'ya'yan juna. Da layi ya iso kaina, yaron famfo ya rataye tiyo ya ce mai ya ƙare, wai saboda yaƙin da ake yi can wata uwa duniya. Yaƙin da ko a taswira ban san inda yake ba, shi ya koro ni gida da jarka tana ƙara kamar ganga.

Amma ban yi fushi ba, domin a rediyon mai shayi na ji Mai Girma Babban Mai Magana da Yawunmu yana bayani, kuma wallahi ya burge ni. Ya ce ƙasarmu babba ce, ba ta bayan kowa. Wancan ɓangaren na sayar mana da mai, wannan na ba mu alkama, don haka dukansu 'yan'uwa ne. Da aka zo jefa ƙuri'a a taron ƙasashe, wakilinmu, wanda ya tafi da tawaga cike da jirgi har da mai riƙe masa hula, sai ya tashi ya zaga bayi. Bai dawo ba sai da aka gama ƙirga hannuwa. Allah ya ƙara wa marar nan tasa lafiya!

Na ce to, ai ni ma ƙasa ce babba. A dama da gidana akwai Mai Walda, wanda ya ja mana waya daga janaretonsa, da ita firjin uwargida ke daskarar da ƙanƙarar da take sayarwa, kuma ƙanƙarar nan ce ke riƙe da tukunyarmu. A hagu akwai Alhaji Mai Burtsatse, wanda ya zuro mana tiyo ta katanga. Ga shi su biyun sun yi wata guda ba sa ga-maciji, saboda ruwan tankin Alhaji na malala a ƙofar shagon walda, shi kuma Mai Walda ya toshe kwatar da buhun yashi.

Tun da aka fara rigimar nake bin tafarkin manya. In na gamu da Mai Walda in ce lallai ruwa da wuta ba sa haɗuwa. In na gamu da Alhaji in ce ai ruwa ba ya tsami banza. Kowa ya tafi yana ganin ni nasa ne. Uwargida ta gargaɗe ni cewa taura biyu ba ta taunuwa, na ce mata harkar diflomasiyya ba ta masu ƙanƙara ba ce.

To, da la'asar ɗin nan dattijon layi ya tara mu a ƙarƙashin bishiya, ya ce a ɗaga hannu a raba gardama. Mai Walda ya kafe ni da ido, Alhaji ya yi mini murmushi. Nan take na dafe ciki, na ce a gafarce ni, na ruga. Ina gudu ina yaba wa kaina, har ina tunanin wace ƙasa ya kamata a tura ni jakada.

Kuskure ɗaya na yi. Ƙofar da ta fi kusa ita na faɗa, ashe bayin zauren Alhaji ne. Na zauna a ciki ina sauraron hayaniya har ta lafa, sannan na fito ina gyara riga.

Mai Walda na tsaye da filaya a hannu. "Maƙwabci," in ji shi, "duk bayin da ke layin nan, nasa ka zaɓa? Na gane."

Kafin in buɗe baki ya datse wayar. Na juya wajen Alhaji ina neman mafaka, sai na tarar yana naɗe tiyonsa. Ya ce da hannu ɗaya aka kayar da shi, kuma hannun yana cikin bayinsa yana ɓarnar ruwansa.

Na shiga gida a sanyaye. Firji ya yi tsit. Uwargida ta jera bokitai a gabansa tana tarar abin da ke ɗiga. Na fara yi mata bayanin cewa a matsayinmu na gida mai cin gashin kansa ba mu goyi bayan kowa ba.

"Ranka ya daɗe jakada," ta ce, "ɗauki bokiti."

Saboda haka ina miƙa jinjina ga Masu Girma da suka koya mana wannan hikima, ina kuma roƙon su faɗa mana bayin wa wakilinmu ya shiga, don mu san wanda zai fara datse mana waya. Mu dai a gidana an samu ci gaba. Jarin uwargida ya narke kaf, kuma da shi muka yi alwala.