Ranar da Na Sa Kafilina a Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka buɗe shafin intanet na shagon turaren kafilina (mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar), Alhaji Usman, a kasuwar Balad. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, saura ƙiris ta mutu, shi kuma ya ce sai ya ga shafi yana aiki zai sabunta mini. Ni kuwa na cika baki har da buga ƙirji.

Bayan la'asar ya tara abokansa 'yan kasuwa, aka zuba shayi, aka haɗa kwamfutata da babbar talabijin ta shago. Na ɗora shafin a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe shi a intanet, na danna. Fari fat! Sai jan layi guda: ba a sami fayil ɗin saituna ba. Wannan fayil shi ke nuna wa shafi inda zai ɗebo kaya da farashinsu, kuma ni da hannuna na hana shi hawa saboda kalmomin sirrin da ke ciki (a lokacin har yaba wa kaina na yi).

"Lafiya dai, injiniya?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, sabar ce ta ɗan yi nauyi."

"Yalla, yi sauri, mutane na jira."

Gumi ya jiƙa mini jallabiya sharkaf. Na laluba kwamfuta, na ga fayil mai irin sunan, na cilla shi ko buɗewa ban yi ba. Shafi ya tashi! Na juyo ina washe baki, ina jiran tafi.



Ashe fayil ɗin gwaji na ɗora, mai ɗebo kayan shirmen da na ƙirƙira ina gwada aiki ni kaɗai. A saman shafi ga hoton da na ɗauki Alhaji da wayata yana barcin rana a kujera, baki buɗe, hula a karkace. A ƙasa an rubuta: "Turaren Minshari, riyal biyu."

Wani dattijo ya ƙware da shayi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya gyara tabarau, ya matso, ya daɗe yana kallo, ni kuwa har na fara hango kaina a jirgin Kano.

"Riyal biyu," ya ce a hankali. "Iyakar kuɗin da ka yi mini ke nan?"

Sai da ya gasa ni sosai kafin ya ce halas, magana ta wuce, ya sabunta iƙamar. Amma har gobe Mai Turaren Minshari ake kiransa a layinmu, kuma duk wanda ya kira, ni ake harara. Yanzu ba na ɗora fayil sai na buɗe shi, kuma da Alhaji ya fara gyangyaɗi, wayata tana aljihu.