Jirgin Da Ya Taho Ba Kowa a Ciki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na faɗa Kogin Nilu da babbar riga, a gaban manya.

Ina ɗalibi a unguwar Darrasa ta Alƙahira aka neme ni aikin tafinta. Wata tawaga ce ta zo Alƙahira daga gida don ganin jiragen ruwa na zamani, har da na fito mai aiki da hasken rana. Ni kuwa ɗan bakin kogi ne. A mashigin garinmu kwalekwale ya kife da yayata Hadiza ranar kasuwa, sai bayan kwana uku aka ga gawarta. Da mutanen garinmu suka ji zan tsaya kusa da manya, sai suka rubuto takardar roƙon a kawo mana irin jirgin fiton nan. Mai gari ya sa hannu, Inna ta dangwala yatsa. Wani mai zuwa Masar ganin likita ya kawo min ita, na sa a aljihun gaba ina ta shafawa.

Aka taru a bakin ruwa wajen unguwar Zamalek. Wani hafsan sojan ruwa yana ta bayani, ni kuma (wai ni ne tafinta!) hankalina yana kan yadda zan miƙa wa shugaban tawaga takardar. Sam ban ji inda ya ce za a nuna jirgin sintiri marar matuƙi ba, wanda ake sarrafawa daga nesa.

Ɗaga kan da zan yi, sai ga jirgi yana tahowa wayam.

A garinmu, in jirgi ya taho ba kowa a ciki, ba a tsayawa tambaya. Mutane sun nutse ke nan, mai iya iyo ya faɗa. Wallahi ban san lokacin da na kurma ihu ba: "Jama'a, sun nutse! A kawo ɗauki!" Na bangaje wani Bamisire, sai tsundum!

Babbar riga ta naɗe ni, iyon da nake taƙama da shi ya gagara. Jirgin ya zagayo ya tsaya a gabana, kyamararsa ta haska fuskata a ƙaton allo ina kwankwaɗar ruwa. Da igiya aka jawo ni. Hafsan yana danne dariya yana cewa, "Ma'alish, ya ustaz," wato "Yi haƙuri, malam."

Shugaban tawaga ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Malam, ka gama zubar mana da mutunci. Shi ke nan, je ka."

Na laluba aljihu. Takarda ta zama kunu, yatsan Inna ya wanke tas. Washegari tawaga ta koma gida.

Da Inna ta kira ta ce, "Ka miƙa musu?" na faɗa mata komai, ina jiran faɗa. Sai ta ce, "Da ranar Hadiza an samu mahaukaci ɗaya irinka a bakin ruwa..." Ba ta ƙarasa ba, kuka ya ci ƙarfinta. Ni ma kukan nake yi.

Har yau kwalekwalen ake shiga a garinmu. Ni dai na koyi darasi: in an ba ka tafinta, ka saurara. In kuma dole sai ka faɗa ruwa, fara ciro takardar mutane daga aljihu.