Rasuwar Jar Tsohuwa, Wadda Aka Toshe Wa Baki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai gyaran jikin motar nan da kowa ya fi sani da Guduma yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Jar Tsohuwa, motar tsere mai ƙofa biyu da kujera biyu. Ta cika ranar Lahadi da hantsi a gefen titi, saura ƙiris ta isa filin taron masoya motoci. Ta rasu tana da shekara arba'in da ɗaya, bayan gajeruwar jinyar da mai ita ya jawo mata da hannunsa.

Marigayiyar ba motar wahala ba ce, kuma ba ta taɓa yin kamar ita ce ba. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar mutum na uku, mai ƙiba ma sai ya yi shawara kafin ya shiga. Amma fa akwai kyau. Fitilunta biyu zagayayyu ne, ƙugunta a cike, ga wani faffaɗan baki a gaba mai ragar ƙarfe, inda take shan iska. Idan aka murɗa makulli sai ta yi tari sau biyu, "kuhum, kuhum", kamar dattijuwa za ta yi magana, sannan ta saki "gurrrum" ɗin da ke sa kwanon garejin kaɗawa.

Ta zo hannun Guduma ne daga wansa, shekara goma sha biyu da suka wuce. A gadon asibiti wan ya damƙa masa makullai, ya ce ya riƙe wa 'yarsa ɗaya tilo, kuma ko ƙusa guda kada ya canza wa motar. Yarinyar nan tun tana ƙarama take zama a kujerar gefe, har uban ya sa mata suna Direba. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, kuma duk farkon wata takan bugo waya, ta gaisa, ta ce wa baffanta ya tayar mata da motar. Shi kuma ya kanga wayar a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita. Takan saurara har a kashe, sannan ta yi godiya da wata irin murya.

Ciwon ajalin ya fara ne ranar da kamfanin da ya ƙera marigayiyar ya fito da sabuwar jikanyarta. Hotuna suka cika zauren waya na masoya motoci, mutanen da, a faɗi gaskiya, babu wanda ya taɓa ko shafa sitiyarin sabuwar a cikinsu. Amma ra'ayi kam, kowa da buhunsa. Sabuwar fuskarta sumul, babu baki sam, fitilunta siraran layuka biyu. Lauya, wanda ya fi kowa yatsun rubutu a zauren, ya ce wannan ita ce asalin jinin gidan, tsoffin kuwa a kai su ɗakin tarihi. Da aka saka hoton Jar Tsohuwa kusa da ita, sai ya ce ai wannan kifi ne yake hamma. Aka yi ta dariya. Guduma ma ya tura tasa dariyar, don kada a ce ya ji haushi.

Ya ji, kuma ya ji sosai. Ya yaye tampol ya tsaya a gabanta, kuma a karo na farko cikin shekara goma sha biyu ya ga kifin. Daga ranar duk ta inda ya kalle ta, hamma take yi masa.

Bakaniken da suke raba katanga da shi ya ga ana auna farantin ƙarfe da alli, ya leƙo ya ja masa kunne. Ya ce sabuwar lantarki take sha ba fetur ba, shi ya sa ba ta bukatar baki, taka kuwa ta nan take numfashi, in ka rufe, lagireton da ke sanyaya injin zai dafa kansa. Guduma ya ce shekara talatin yana lanƙwasa ƙarfe, kuma ai zai huda ƙananan ramuka ta ƙasa. Nan fa gizo ke saƙar: mutumin ya san fatar mota kamar tafin hannunsa, amma abin da ke cikin cikinta bai taɓa zama aikinsa ba.

Mako uku aka yi ana tiyata, ƙofar gareji a rufe, wayarsa a cikin aljihun rigar da ya rataye. Ya cire fitilun nan biyu ya jefa kan tarin tsoffin ƙarafa, mai tura kurar da ke sayensu ya kwashe ranar Alhamis. Ya liƙe bakin da walda, ya goge, ya shafe, ya fesa jan fenti hawa huɗu. Abin takaicin shi ne aikin ya yi kyau. Ko da farce ka bi ba za ka gane inda bakin yake a da ba.

Ranar Lahadi ya fito da ita zuwa taro, ƙirji a gaba. Allurar zafi ta fara hawa tun a shataletalen farko. Ya gani. Ya ce wa kansa ai an kusa. Ta taɓa ja, ya ƙara taka mai don su yi saurin isa. Kalamanta na ƙarshe, kamar yadda ya riƙe su, su ne "tak, tak, tak", sannan wani dogon "fusss", farin tururi ya turnuƙe gilashi. Injin ya buga, irin bugun da bakanike ya duba sau ɗaya ya mayar da murfin injin a hankali.

'Yan taron suka tako da ƙafa suka kewaye ta. Ashe cikin makonni ukun da bai duba waya ba iska ta juya. Wani masani ya fito a bidiyo ya ce sabuwar ta ci amanar kakanninta, ba ta da maraba da sabulun wanka, kuma duk mai tsohuwar da ba a taɓa ba ya riƙe ta da kyau. Zauren kaf ya koma can. Lauyan nan dai, shi ɗin dai, ya zagaya gawar hannu a baya, ya girgiza kai.

"Wa ya yi mata wannan aika-aika? Ai a da ita ce mota."

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi huɗu da safaya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da makullai biyu, da tampol, da tabon baƙin mai a simintin gareji. Ta bar bakanike, wanda har yau bai ce "ban faɗa maka ba?", kuma shirun nasa ya fi zagi ciwo. Ta bar Guduma, wanda ya daina cin abinci. Ta kuma bar Direba, wadda ba ta sani ba.

Ta bugo ranar Litinin, farkon wata. Ya ce mata batir ne ya yi sanyi. Ta yi dariya ta ce ba komai, dama ta samu hutu, ranar Asabar tana tafe ta ji da kunnenta. Har za ta kashe sai ta ƙara da cewa:

"Baffa, tana nan dai yadda Baba ya bar ta ko?"

"Tana nan," in ji shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya a garejin mamaciyar. Bakanike ne zai wanke ta, motar janwe za ta ɗauke ta zuwa makwancinta a bayan gida, inda za a lulluɓe ta da tampol ɗinta. Ana maraba da 'yan zaure, da sharaɗin kowa ya bar ra'ayinsa a bakin ƙofa.

Sai roƙo ɗaya, don girman Allah. Guduma ya riga ya yanke farantin ya buɗe mata bakinta, amma idanun babu. Ya zaga wuraren 'yan gwangwan bakwai, ya tone tari da hannunsa har ya yanke, bai same su ba. Duk wanda ya sayi zagayayyun fitilu biyu daga hannun mai kura, ya taimaka ya dawo da su, ba za a tambaye shi komai ba. Ta hagun tana da 'yar tsaga siririya kamar gashi, wadda wata yarinya 'yar shekara shida ta yi da ƙwallo, ubanta kuma ya hana a canza.

Motar da za ta kawo yarinyar tana shiga tasha ƙarfe goma. Guduma ya ce zai iya tsayawa ya gaya mata motar ubanta ta mutu. Abin da ba zai iya ba shi ne ya yaye tampol ta duba, ta tambaye shi wannan ta wace ce.